Zan zuba 'yan haya a gidan da nake ciki, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Bayan na daɗe ina tari, Allah Ya nufa na sayi gida, sai dai da rancen banki na cika kuɗin, kuma duk wata za a riƙa cira daga albashina. Gidan sashe uku ne: wanda muke ciki, da wani mai ɗaki biyu da falo, da ƙarami mai ɗaki ɗaya. Ƙofar shiga ɗaya ce, tsakar gida ɗaya, mitar wuta ɗaya, tankin ruwa ɗaya. Niyyata in ba da sassan biyu haya domin su taya ni biyan bashin.

Tun ban gama fenti ba magana ta taso. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda bai daɗe da aure ba, yana son babban sashen a rabin kuɗi, ya ce zai riƙa biya "yadda ta samu". Mahaifiyata ta sa baki, ta ce in rufa masa asiri. Ga kuma wani da ban sani ba, dillali ya kawo shi, ya ce zai biya kuɗin shekara nan take in dai zan ba shi makulli a makon nan, kuma ba ya son dogon turanci na takardu. Matata kuwa ba ta so a sa kowa. Ta ce ita ke wuni a gida, ita za ta ga abin da ba na gani. Ni kuma mutum ne mai kunya, ko bashi nake bin mutum ba na iya tambaya. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwanku, an sakaya suna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina taya ka murna, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a biya bashin cikin sauƙi. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka shi ne maganar kunyar nan da ka faɗa a ƙarshe, domin ita ce za ta shafi duk sauran. Mai gidan da ke zaune a wata unguwa daban yana iya aika saƙo ya ce kuɗi sun ƙare, ya ci gaba da harkarsa. Kai kuwa da ɗan hayarka za ka fara gaisawa kowace safiya a bakin ƙofa, 'ya'yanku su yi wasa tare, ka ji tarin yaronsa cikin dare, sannan wata ya cika ka tambaye shi kuɗi. Maƙwabcinsa ne kai, kuma mai gidansa, kuma an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Hanyar da na sani ta riƙe waɗannan biyun ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba ita ce a gama duk maganar kuɗi da dokar gida a rubuce tun kafin kowa ya shigo da katifarsa. Saboda haka makullin nan ya zauna a aljihunka tukuna, ko da na mako uku ne.

Fara da lissafi, kai kaɗai, da biro da takarda. Kuskuren da sabon mai gida ya fi yi shi ne ya ninka kuɗin haya sau 12 ya ce wannan ne abin da zai shigo. Idan sashe ya yi wata ɗaya tak babu kowa, kusan kashi 8 cikin 100 na kuɗin shekara ya tafi, kuma tsakanin fitar wani da shigar wani ga fenti, ga sauya makulli, ga la'adar dillali. Masu harkar gidaje suna da wani ƙiyasi da suke yawan aiki da shi, cewa a ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gidan duk shekara domin gyare-gyare, tsohon gida kuwa yakan ci fiye da haka. Rufi zai yi yoyo, famfo zai tsiyaya, injin tura ruwa zai ƙone a ranar da ba ka da ko sisi. Ni dai shawarata ka yi lissafinka da kuɗin wata 10, ragowar biyun ka ɗauka ba naka ba ne. Sannan ka tambayi kanka: idan sassan biyu suka yi wata uku a kulle, albashina zai ɗauki bashin banki da ɗawainiyar gida? Idan amsar a'a ce, to ka san ba ka da halin yi wa kowa rabin kuɗi, kuma wannan zai yi maka amfani idan mun zo kan maganar ɗan'uwanka.

Ka buɗe wa hayar asusu nata daban, kada ta gauraya da albashi. Ka kuma sake karanta takardun rancen, domin akwai bankunan da ke sa sharaɗin a sanar da su kafin a ba da gidan da ke hannunsu jingina haya. Haka inshora, idan kana da ita, wadda aka yi wa gidan zama ba lallai ta ɗauki ɓarnar da ta faru a sashen ɗan haya ba. A ƙasashe da yawa kuɗin haya kuɗin shiga ne da ake biya wa haraji, to ka tambaya tun yanzu. Wajen yanke farashi, ka zagaya ka ji abin da ake biya a sassa irin naka. Kada ka matsa sai ka fi kowa tsada. Ƙarin kashi 5 da za ka tsaya kai da fata a kansa bai kai asarar wata ɗaya a kulle ba.

Yanzu uwargida. Tana da gaskiya, kuma ina so ka gaya mata haka da bakinka. Kai za ka fita da safe, ita za a ƙwanƙwasa wa ƙofa a ce ruwa ya ɗauke, ita za ta ji rigimar yara, ita za ta ga baƙin da ke shige da fice. Idan ba a yi hattara ba, sai ta wayi gari ta zama mai kula da gidan haya ba tare da an tambaye ta ba. Amma "kada a sa kowa" amsa ce ta wanda ba a zauna da shi ba tukuna. Ka nuna mata lissafin da ka yi, ta ga yadda bashin yake da hayar da kuma yadda yake babu ita. Sannan ka tambaye ta ainihin abin da take gudu. Hayaniya ce? Ratsa tsakar gida? Baƙin maza? Tsaron yara? Kowanne da maganinsa. Wani ɗan shinge ko gajeriyar katanga ce za ta raba shi, wani igiyar shanya ta biyu, wani kuma fitar da ƙofa daban idan ginin zai ba da dama. Ka yi mata alkawari biyu ka kuma cika: duk wanda hankalinta bai kwanta da shi ba ba zai shigo ba, ko da ba ta iya faɗin dalili, kuma ba ita za ta riƙa karɓar kuɗi ko ƙorafi ba. Lambarka za ka bayar, kai za a kira.

Mita ɗayan nan da ka ambata a taƙaice, ita ce za ta fi jawo muku faɗa. Ranar da ɗan haya ya sayi abin dumama ruwa ko babban firji, kuɗin wuta zai tashi, kowa ya riƙa zargin kowa, kuma babu mai hujja. Ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa wa kowane sashe ƙaramar mita tasa, ya kuma duba wayoyin gidan gaba ɗaya tunda ya zo. Kuɗin da za ka kashe a nan ya fi kuɗin fenti amfani. Idan ba zai yiwu yanzu ba, a rubuta yadda za a raba, bisa yawan mutane ko yawan ɗakuna, kowa ya sa hannu. Haka ruwa, da kwashe shara, da sharar tsakar gida, da lokacin kulle ƙofa da dare, da wurin ajiye mota ko babur.

Shi kuwa mutumin dillali, ba zan ce mugu ne ba. Mai yiwuwa an yi masa sauyin wurin aiki ne, ko wa'adin inda yake ya cika. Sai dai abubuwa biyu sun haɗu a kansa, gaggawa da ƙin takarda, kuma mutumin kirki ba ya gudun yarjejeniya tunda shi ma kāre shi take yi. Kuɗin shekara a dunƙule suna da daɗin gani, amma ka tuna abin da kake sayarwa da su: wata 12 na zama da mutumin da ba ka san ko wane ne ba, a inda matarka da 'ya'yanka ke kwana. Ga shi kuma kuɗin dunƙule sukan ƙare cikin wata biyu, ka zauna wata goma kana gyara daga aljihunka. Dillali zai karɓi la'adarsa ya tafi, kai za a bari da mutumin. Ka ce masa kana maraba, amma ga yadda kake ba da haya. Ya kawo katin shaida, ya faɗi inda yake aiki ko sana'a, da yawan mutanen da za su zauna, da wanda zai tsaya masa, da lambar mai gidan da ya baro. Ka kira wancan mai gidan da kanka, kada ka tsaya kan ko yana biya, ka tambaye shi ko zai sake ba shi haya idan ya dawo. Yadda zai amsa wannan tambayar zai gaya maka abu da yawa. Ka dubi ƙarfinsa kuma, domin ƙiyasin da aka saba shi ne kada haya ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. Idan ya kawo duk wannan, madalla. Idan ya fusata ya tafi, ka bar shi. Kuma waɗannan tambayoyin ka yi wa kowa su, iri ɗaya. Halin mutum da iya biyansa kake aunawa, ban da ƙabilarsa ko addininsa. Ƙasashe da dama ma sun haramta irin wannan wariya, kamar Amurka da ta yi dokarta a 1968.

Maganar ɗan'uwanka ta fi nauyi, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Mahaifiyarka ba ta nufe ka da cuta ba. Ta ga ɗanta ya samu, ta ga ɗan 'yar'uwarta yana nema, a wurinta lissafin ya fita. Abin da ba ta gani ba shi ne gidan nan bai gama zama naka ba, kuma banki ba ya karɓar "yadda ta samu". Shi ma ɗan'uwan naka ka duba masa. Sabon ango ne, yana neman sauƙi, ba laifi ba ne. Amma ka hango shi bayan wata biyar, ana binsa na wata uku. Zai fara fita tun kafin ka tashi, ya dawo bayan ka kwanta. Matarsa za ta ji kamar ana kallonta duk lokacin da ta sayi sabon abu, taka matar kuma za ta riƙa ganin abin da ake shigowa da shi tana tuna bashin. Kai ba ka iya tambaya, shi ba ya iya haɗa ido da kai. Ranar da ka daure ka yi magana, kafin dare ta kai kunnen mahaifiyarka da ƙanwarta. Baƙo idan ya ƙi biya akwai hanyar da doka ta tanada. Ɗan'uwa kuwa ba ka iya kai shi ƙara ba tare da dangi sun rabu biyu ba. Zumuncin da ake so a gyara da wannan alfarmar shi ne zai fara lalacewa.

Ra'ayina ke nan, kada ka ba shi babban sashen a kan wannan sharaɗi. Wannan ba ya nufin ka juya masa baya. Kana iya ba shi ƙaramin sashen, tunda shi da amarya ne kawai, a kan kuɗin da zai iya biya da gaske, da ranar biya sananniya, da takarda kamar kowa. Idan kana son yi masa ragi, ka faɗi yawansa da lokacin da zai ƙare, misali shekara ɗaya, a rubuta, domin ya san alheri aka yi masa mai iyaka. Ko kuma, kuma wannan na fi so ga mutum mai kunya irinka, ka taimaka masa a waje: ka ba shi abin da za ka iya kyauta, ya cika ya kama wuri a wani gidan. Abin da ka bayar ka san ya tafi, ba ka bin kowa, ba wanda ke ɓoye maka. Wajen mahaifiyarka kuwa, kada ka aika, kada ka yi ta waya. Ka je ka zauna, ka nuna mata abin da ake cira duk wata da shekarun da suka rage. Ka ce mata, "Umma, ina son in taimaka masa, ga abin da zan iya. Amma idan na kasa biyan banki, gidan gaba ɗaya za a rasa, da ni da shi." Uwa ba ta son ɗanta ya rasa muhalli. Kuma idan ka zo mata da taimako a hannu, ba ƙi ka kawo mata ba.

Ko wa za ka ɗauka, yarjejeniyar ta ƙunshi sunayen waɗanda za su zauna, da kuɗin, da ranar biya, da tsawon wa'adi, da yawan lokacin da kowane ɓangare zai ba ɗaya kafin tashi. A faɗi gyaran da ke kanka, kamar rufi da bututun ruwa da wayoyin wuta, da wanda ke kansa, kamar ƙwan fitila da abin da ya fasa da hannunsa. A faɗi ko an yarda ya saka wani a madadinsa, ko ya yi sana'a a ciki, ko ya ajiye dabba, ko ya fasa bango. A faɗi kwana nawa baƙo zai yi kafin a ce ya zama mazauni, domin da yawa sukan shigo su biyu, bayan wata shida ka ƙirga takalma takwas a bakin ƙofa. Ka kai wa lauya ya duba sau ɗaya, wannan takardar za ka yi ta amfani da ita shekaru. Ranar miƙa makulli ku zagaya tare, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita, ka tura masa. Idan za ka karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, ka sani amana ce a hannunka, kada ka taɓa su. Wasu ƙasashen sun ɗaure wannan da doka: a Jamus ba ya wuce hayar wata uku kuma dole a ajiye shi daban da dukiyar mai gida, a Ingila kuwa tun 2019 ba ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje. Duk kuɗin da ya shigo ka ba da rasit, ko da ɗan'uwanka ne.

Ka nemi sanin dokar haya ta inda kake, musamman abin da ta ce game da mai gidan da ke zaune tare da 'yan hayarsa, domin wasu wuraren sun ba shi hukunci na daban. A Ingila, wanda ke raba kicin ko banɗaki da mai gida ba ya samun irin kāriyar da cikakken ɗan haya ke samu. A Jamus, mai gidan da ke zaune a gini mai sashe biyu kacal yana iya sallamar ɗan haya ba tare da kawo dalili ba, amma sai ya ƙara masa wata uku a kan wa'adin da aka saba. Abin da ya kusa zama ɗaya a ko'ina shi ne ba a korar ɗan haya da ƙarfi. Sauya masa makulli, ko yanke masa ruwa da wuta, ko fitar da kayansa waje, suna iya mayar da kai mai laifi alhali kai ake ci wa haƙƙi. Takardar sallama ake bayarwa, a jira wa'adi, idan ya ƙi a tafi kotu. Haka kuma daga ranar da ka miƙa makulli, sashen nan ya zama gidansa. Kasancewarka a ƙofa ta gaba bai ba ka damar leƙawa ba. Idan za ka shiga duba wani abu, ka sanar da shi tun ana gobe, sai fa in gobara ce ko ruwa ya ɓalle.

Ita kuma kunyar taka, ba sai ka sauya hali ba, ka dai tsara abin yadda ba sai ka tsaya gaban mutum kana murza hannu ba. Biya ya zama ta banki, a rana ɗaya sananniya. Kwana uku kafin ranar ka tura gajeren saƙon tuni, kalmomi iri ɗaya ga kowa, kowane lokaci, har ya zama al'adar gidan. Idan rana ta wuce, washegari ka yi magana, kada ka bari mako ya zagayo, domin jinkirin farko da ka yi shiru a kansa shi ke koya wa mutum cewa ranar ba ta da muhimmanci. Wanda ya biya shekara guda lafiya sannan ya zo da kansa ya ce an samu matsala, ka saurare shi, ku rubuta yadda zai biya a hankali. Wanda kuwa ya mayar da uzuri sana'a, kunyar marar kunya asara ce. Idan ka ga ba za ka iya ba ko ta saƙo, ka naɗa wakili, lauya ko wani mai kula da gidaje, ka biya shi wani kaso, ka zama maƙwabci kawai. Kada ka ranta wa ɗan haya kuɗi, kada ka ranta a wurinsa. Kuma idan ya kawo ƙorafin gyara, ka gyara da wuri. Mai gidan da ya bar famfo na zuba wata biyu bakinsa yakan yi nauyi ranar karɓar haya.

Ba dole ne ka cika sassan biyu a lokaci ɗaya ba. Idan lissafinka zai ɗauka, ka fara da guda, a kan wa'adin wata shida ko shekara wanda za a sabunta idan an ji daɗin juna. Ka ga yadda zaman yake, uwargida ta ga ko abin da take tsoro ya faru, ku gane abin da kuka manta ba ku rubuta ba, sai ku ƙara shi kafin na biyu ya shigo. Idan bashin ya matsa, babban sashen za ka fara bayarwa ga wanda ka tantance, ƙaramin ya jira ɗan'uwanka idan ya amince da sharaɗin. A makon nan dai aikinka uku ne: zama da uwargida, kiran mai gyaran wuta, da zuwa wurin Umma da takardar bankin a hannunka. Allah Ya haɗa ka da 'yan haya nagari.